Yadda za ka tsara kalanda a CorelDRAW ta dace da mu nan Maradi

Da Nuwamba ya shigo za ka ga masu shaguna da makarantun islamiyya da ƙungiyoyin mata duk sun taso kowa na son kalandarsa, kuma yawancin yaranmu masu aikin kwamfuta sai su sauko da wadda aka riga aka tsara daga intanet su manna hoto shi ke nan. To wannan kalandar ba don mu aka yi ta ba, dole sai ka shiga saiti ka gyara da hannunka.

Ka fara da girman takarda tun kafin ka zana komi. In ta bango ce A3, wato milimita 297 da 420, ka bar rarar milimita 3 kowane gefe saboda yanka, sama kuma ka bar fili inda za a huda a rataye. Launi ka sa CMYK, wato tsarin launin injin bugawa, tun farko, don RGB na allo ne kawai, koren da ka gani yana sheƙi a kwamfuta in ya hau takarda sai ya dushe. Hotuna su kai 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, wanda aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, ka ce a turo maka a matsayin fayil.

CorelDRAW na da wani abu CalendarWizard a cikin makro ɗinta, wato ƙananan shirye-shiryen da ke yin aiki da kansu, nan za ka zaɓi shekara da watanni da ranar da mako zai fara. Ma'aikata sun saba da Litinin a farko irin na Faransa, wasu sun fi son Lahadi, ka tambayi mai aikin kar ka yanke masa. In ta fito ka duba 1 ga Janairu, na 2027 Juma'a ne, in ba haka ka gani ba akwai kuskure. Sunayen ranaku da watanni ka sake rubuta su da Hausa, kuma ni dai Juma'a nake ba kore, Lahadi ja.

Ranakun hutu kai za ka shigar, 24 ga Afrilu, 1 ga Mayu, 3 ga Agusta ranar da Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, sai 18 ga Disamba ranar Jamhuriya. Inda aikin yake shi ne lissafin Hijira. Shekarar wata ta gaza ta rana da kusan kwana 11, don haka ba ka kwafo na bara, kuma ka sa lambobin a ƙasan kowane gida da ƙaramin rubutu a shimfiɗa (layer) ta daban yadda in za ka matsar da kwana ɗaya ba sai ka taɓa sauran ba. Azumi da sallah ƙarama da ta layya ka rubuta a ƙasa cewa ya danganta da ganin wata, wannan layin kar ka manta da shi don Allah, dattawa da shi suke duba aikinka.

Sai haruffa masu lanƙwasa, ɓ ɗ ƙ ƴ. Wata shekara na yi wa wata islamiyya kalanda, a kwamfutata komi lafiya lau, da aka buɗe a wurin bugawa ashe ba su da irin rubutun da na zaɓa, duk inda ƙ take sai ɗan akwati ya fito har cikin sunan makarantar, malamin ya riƙe takardar yana kallo bai ce komi ba, wallahi abin ya dame ni ƙwarai. Tun ranar nake amfani da irin rubutun Noto Sans ko Andika, kuma kafin in fitar da PDF sai in ajiye kwafi ɗaya, ɗayan in zaɓi duk rubutun in danna Ctrl da Q ya koma zane. Ka buga gwaji guda, ka manna a bango, ka ja baya taku biyar ka ga ko lambobin na karantuwa, sannan ka kai wa malam ya duba kafin a buga sauran.