Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ƙaura da Mota Zuwa Zariya, da Yadda Ake Gyara Su

Duk shekara akwai iyalai masu yawa da ke tattara nasu-ya-nasu daga Legas, Ibadan, Fatakwal ko Abuja su dawo Zariya da zama. Wasu canjin wurin aiki ne ya kawo su Jami'ar Ahmadu Bello ko asibitin koyarwa da ke Shika, wasu ritaya suka yi suka ga gida ya fi, wasu kuma tsadar haya ce ta kore su daga kudu. Ni ma da motata na kwaso iyalina daga Agege bayan shekaru masu yawa a can, kuma tun daga lokacin na taimaka wa 'yan'uwa da abokan aiki da dama wajen irin wannan tafiya. Abin da na lura da shi shi ne, mutane sukan zuba hankalinsu kacokan a kan hanya, alhali hanyar kwana biyu ce kawai, wahalar da ta fi daɗewa kuwa tana jiran su ne a ƙofar gidan da za su sauka.

Saboda haka kuskuren da zan fara da shi ba a kan titi yake ba. Shi ne kama gidan haya ta waya. Mutum yana Legas, dillali ya turo masa hotuna ta WhatsApp, ya ga fenti sabo da tayil a ƙasa, ya tura kuɗin shekara guda da la'ada, sannan ya ɗauka ya gama. Hoto ba ya nuna abu uku da suka fi komai muhimmanci a gidan Zariya, wato ruwa, wuta, da nisan gidan daga inda mutum zai riƙa zuwa kullum. Zariya ba dunƙulallen gari guda ba ne. Cikin Birni daban, Tudun Wada daban, Sabon Gari da ya girma a gefen tashar jirgin ƙasa daban, Samaru kuma tana can kusan kilomita 15 daga Birni a kan hanyar Funtuwa, Shika ma tana gaba da ita. Wanda zai yi aiki a Shika ya kama gida a Gyallesu ko Ƙofar Gayan don ya ji haya da sauƙi, abin da ya rage a haya zai zuba shi a tankin mota kafin wata shida, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Wanda kuma aikinsa yake harabar Jami'ar Ahmadu Bello ta Kongo ko Jami'ar Ilimi ta Tarayya (tsohuwar Kwalejin Ilimi ta Tarayya), ba shi da dalilin tafiya Hayin Dogo da ke can Samaru.

Batun ruwa ya cancanci a tsaya a kansa. Gidan da na fara kamawa, dillalin ya rantse mini cewa rijiyarsa ba ta ƙafewa, kuma da muka iso a watan Satumba, igiya gaba biyu kawai ake saki a taɓo ruwa. Da Maris ya kama, igiya ta ƙare ba a ji ƙarar guga ba, muka koma sayen kura daga 'yan garuwa safe da yamma har damina ta sauka. Gyaran wannan kuskure shi ne mutum ya zo da kansa kafin ƙaura, ko da kwana biyu zai yi, domin zuwa da kai ya fi aike. Idan hakan ya gagara, ya wakilta ɗan'uwa mai tsoron Allah wanda ba shi da kaso a la'adar. Wakilin kada ya tambayi mai gida ko dillali game da ruwa, ya tambayi maƙwabta da mai shagon bakin layi, ya ce, "Malam, don Allah a watan Afrilu ina kuke samun ruwa a layin nan?" Amsar da za su ba shi ita ce gaskiyar gidan. Ya kuma tambayi ko famfo na zuwa, sau nawa a mako, ko akwai burtsatse a kusa, sannan ya duba jikin bango daga ƙasa, domin layin danshi da ke kan katanga yana faɗin inda ruwan Agusta yake kaiwa. A ɓangaren wuta, kamfanin da ke raba lantarki a Zariya shi ne Kaduna Electric, kuma wajibi ne a karɓi lambar mita a tabbatar babu tsohon bashi a kanta kafin a biya haya, don kada sabon ɗan haya ya sayi kati ya tarar an zabtare rabinsa saboda bashin wanda ya tashi. Duk abin da aka yi yarjejeniya a kai, a rubuta shi, a sa hannu gaban shaidu, a karɓi rasit.

Kuskure na biyu shi ne mayar da motar gida motar ɗaukar kaya. Na sha ganin ƙaramar mota ta shigo ta Ɗan Magaji, mashigar Zariya daga Kaduna, bayanta ya zauna har yana neman taɓa kwalta, an ɗaure katifu da janareto a sama, yara kuma suna matse a tsakanin buhuna. Yawancin ƙananan motoci nauyin da aka ƙayyade musu, har da mutanen ciki, bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba, kuma akan rubuta shi a jikin ƙofar direba ko a littafin motar. Manya biyu da yara uku sun riga sun cinye fiye da rabinsa. Idan aka wuce iyaka, birki yana ɗaukar nisa kafin ya tsayar da mota, tayoyi suna ɗaukar zafi, shokozoba tana mutuwa, kayan da aka jibga a sama kuma suna sa mota rangaji a kwana. Hanya mafi dacewa ita ce a raba tafiyar biyu: kaya masu nauyi su bi babbar mota, iyali da takardu da magunguna da kayan sawa na mako guda su bi motar gida. Manyan motocin da ke kai tumatir, albasa da dabbobi kudu sau da yawa sukan nemi lodin dawowa arewa, kuma akan samu sauƙin farashi a wurinsu, amma sai a bi ta hannun shugabannin tasha, a rubuta lambar mota da ta wayar direba, a ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya a gabansa, a tabbatar an wanke motar kuma tamfol ɗinta ba ya yoyo, sannan a haɗa su da mutum guda daga cikin dangi. Kada a biya kuɗin duka sai an sauke. Kafin a ɗaure komai ma, ya kamata a zauna a yi lissafi, domin tsohuwar kujera ko kabad da kuɗin dakonta ya kusa kuɗin sabuwa a wurin kafintocin Sabon Gari, sayar da ita a can ya fi. Firji a ɗauke shi a tsaye, idan an sauke a bar shi wasu awanni kafin a jona shi. Tukunyar gas kuwa a ƙarar da ita kafin tafiya, kada a sa ta cikin mota tare da yara.

Na uku shi ne kai mota wurin bakanike ana gobe tafiya. Gyaran jajibiri shi ne ya fi barin mutane a daji, saboda duk notin da ba a ɗaure da kyau ba, a kan hanya zai bayyana. A yi gyara mako guda kafin ranar, a yi ta yawo da motar cikin gari a ga halinta. A canza baƙin mai, a duba birki, fanbel, lagireto, batir da fitilu. A duba shekarun taya, ba zanenta kaɗai ba: a gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019, kuma hukumar kiyaye haɗurra tana gargaɗi a kan tayar da ta haura shekara huɗu. Safaya ma a gwada iskarta, domin da yawa sai a Okene suke gane tasu a sace take. Takardu kuma a haɗa su wuri guda: lasisin tuƙi, lasisin mota, shaidar mallaka, takardar lafiyar mota da inshora, wadda mafi ƙanƙantarta ga motar gida ta koma naira 15,000 tun farkon 2023. Abin kashe gobara, alamar tsayawa mai kusurwa uku da jak su kasance inda hannu zai kai, ba ƙarƙashin akwatuna goma ba. Idan ana ɗauke da janareto, talabijin ko kwamfuta, rasit ɗinsu yana rage doguwar magana a shingen bincike.

Na huɗu, kuma wanda ya fi tayar mini da hankali, shi ne ƙoƙarin cinye hanyar a yini ɗaya. Daga Legas zuwa Zariya kusan kilomita 1,000 ne. Wanda ya bi ta Ibadan, Akure, Owo, Okene da Lokoja zai haura gadar Murtala Muhammad a kan Kogin Kwara, ya wuce Abaji, Gwagwalada da Zuba, sannan ya kama hanyar Kaduna ta Tafa, Jere da Katari. Wanda ya bi ta Ogbomosho, Ilori, Jebba da Mokwa kuma yana da zaɓi tsakanin Bida da Minna ko Tegina, sai dai hanyar Birnin Gwari ta daɗe tana fama da matsalar tsaro, kuma babu mai iyali da ya kamata ya kama ta don taswirar waya ta ce ta fi kusa. Taswira ba ta san inda gada ta karye ba, ba ta san inda tireloli suka toshe hanya tun jiya ba. Direbobin tasha da suka iso da safiyar ranar su ne suka sani, kuma matambayi ba ya ɓata. A tashi bayan sallar asuba, a kwana a Lokoja ko Abuja, washegari a kama hanyar Kaduna da hantsi, ta yadda sauran kilomita 80 ɗin da ke tsakanin Kaduna da Zariya, ta Mararrabar Jos da Jaji, za a yi su rana tsaka. Direba ya tsaya duk bayan awa biyu ya miƙe ƙafa, kada ya bari tanki ya sauka ƙasa da rabi, ya riƙe 'yan kuɗi a hannu saboda wuraren da sabis ke ɗaukewa, sannan wani a gida ya san inda aka kai a kowane zango. Isowa da rana yana da wani amfanin: ana sauke kaya ana gani, ana ƙirgawa, kuma maƙwabta sun ga fuskar wanda ya tare.

Lokacin ƙaurar ma ana kuskure a kansa. A watan Agusta ruwa ya fi ƙarfi, katifa kan iso a jiƙe, layukan da ba kwalta kuma babbar mota ba ta iya shigarsu. A Disamba da Janairu hazo yana rage gani a hanya, sanyin dare kuma kan sauka ƙasa da digiri 15, abin da yaron da aka haifa a Legas bai taɓa ji ba. Daren farko na hunturunmu a nan, ƙaramar 'yata ta kwana tana tari, leɓɓanta suka tsage, mu kuwa barguna suna can ƙasan wani kwali da ba mu rubuta komai a jikinsa ba. Tun daga ranar nake gaya wa kowa ya rubuta abin da ke cikin kowane kwali, ya kuma ware jaka guda ta daren farko mai ɗauke da bargo, gidan sauro, tocila, man shafawa, magunguna, tukunya ɗaya da kofuna. Mai 'yan makaranta kuwa ya daidaita ƙaurarsa da dogon hutu, don yara su fara sabuwar shekarar karatu a Satumba tare da kowa, kuma ya karɓo takardar canjin makaranta da sakamakon zangon ƙarshe da katin rigakafi kafin ya taso, domin neman su daga nesa wahala ce.

Bayan an sauke kaya sai kuskuren da ba a cika ɗaukarsa kuskure ba, wato shiga gida a rufe ƙofa kamar yadda aka saba a manyan biranen kudu. A Zariya ana lura da wannan, kuma ana fassara shi da girman kai ko da mutum bai nufa ba. Cikin kwana uku na farko ya kamata mai gida ya nemi dattijo a layin ya raka shi wurin mai unguwa, ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne baƙon da ya tare a gidan Alhaji, na zo in gabatar da kaina da iyalina." Ya riƙa fita masallacin unguwa ko majami'arsa, ya tambayi yadda ake biyan kuɗin 'yan sintiri da na gyaran taransfoma. Uwargida ita ma ta shiga gidajen maƙwabta ta gaisa, ko da ɗan tsarabar garin kwaki ko manja ne a hannunta. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma waɗannan mutanen ne za su nuna masa bakaniken da ba ya cuta, da makarantar Islamiyya mai kyau, da mai ruwan da ke zuwa a kan lokaci, da layin da ba a bi bayan isha'i.

Saura takardun zama, waɗanda ake ta ɗagewa har sai buƙata ta taso. A gyara adireshi a banki da rajistar NIN, a nemi hukumar zaɓe ta mayar da katin zaɓe zuwa sabuwar mazaɓa idan an buɗe rajista, mai inshorar lafiya kuma ya canza asibitinsa tun kowa yana lafiya. A nan a kula, domin gari ɗaya ne amma ƙananan hukumomi sun bambanta: Birni da Tudun Wada suna ƙarƙashin Zariya, Samaru da Palladan suna Sabon Gari, Shika kuwa tana Giwa, kuma zuwa sakatariyar da ba ita ba yana cinye yini guda. Wanda yake da niyyar sayen fili kada ya yi gaggawa a shekarar farko. Ya bari ya ga damina ɗaya da rani ɗaya a unguwar, ya ga inda ruwa ke kwanciya a kusa da Kubanni da sauran rafuka, sannan ya kai takardun filin KADGIS, hukumar kula da filaye ta Jihar Kaduna, a tantance su kafin ya biya ko sisin kwabo.