Yadda za ka gwada lanƙwasar ƙwayar jini da ledar fiya wata

'Yan uwa ɗalibai, musamman ƙannenmu na Agege da Idi-Araba masu shirin karatun likita ko aikin lab, ga gwajin da za ku yi a ɗaki ba sai da maikiroskop ba. Faɗin jar ƙwayar jini wajen maikiromita 8 ne (maikiromita ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), amma tana kutsawa ta siraran jijiyoyin da ba su kai ta faɗi ba, a saifa ma ta tsagar da ba ta wuce maikiromita 2 ba take bi. To ta yaya?

Ka samu fiya wata uku da guntun bututun famfo wanda bakinsa bai kai faɗin ledar ba, sai alƙalamin maka na yin alama. Ta farko ka bar ta cike tam, ka tura ta cikin bututun. Ba za ta shiga ba, in ka matsa mata fashewa za ta yi. Ta biyu ka huda gefe ka rage kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan, ka matse iskar ta fita gaba ɗaya (wannan kar ka yi sakaci da shi) ka ɗaure, ka shafa mata sabulu sannan ka tura. Za ka ga ta miƙe ta yi tsawo ta sulale abinta.

Duk sirrin yana nan fa. Tantanin ƙwayar yana lanƙwasuwa da sauƙi amma ba ya miƙuwa kamar roba, in aka ja shi kaɗan yagewa yake, shi ya sa Allah Ya yi ta da rarar tantani, wajen kashi 40 cikin 100 sama da abin da dunƙulalliyar ƙwallo mai ɗaukar ruwa daidai da nata ke buƙata.

Yanzu ka ɗiga alama da maka a bayan ledar nan ta biyu, ka aje ta kan tebur ka ɗora tafin hannu ka tura gaba a hankali, kana kallon alamar, za ka ga tana zagayowa ta yi ƙasa ta sake ɓullowa amma siffar ledar na nan ba ta canja ba, ledar ce kawai ke kewaya ruwan ciki. Haka ƙwayar ke yi a gudun jini mai ƙarfi. A siririyar jijiya kuma, da yake ruwan tsakiya ya fi na jikin bango gudu, ƙwayar da ke tsakiya sai bayanta ya lotsa gabanta ya kumburo, masana na ce wa siffar farashut (laimar da ake dirowa da ita daga jirgin sama), wadda ta karkata gefe kuma siffar silifa.

Ta ukun ita ce ta fi taɓa min zuciya wallahi. Ka rage mata ruwa kamar ta biyu, ka sa a firiza har ta fara ƙanƙara, ka tura. Rarar leda na nan amma cikin ya sandare, sai ta maƙale. Kusan abin da ke samun mai sikila ke nan, in oksijin ya yi ƙasa himogulobin ɗinsa, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin ƙwayar, sai ya harhaɗe ya yi tauri, ƙwayar ta toshe hanya, ciwon ƙashin nan mai sa yaro ihu cikin dare ya tashi. Lafiyayyar ƙwaya na yin kwana 120, ta sikila 10 zuwa 20 kacal.

In ba wuta a unguwarku, ka zuba wa ta ukun koko mai kauri a madadin ruwa, kar ka cika ta tam, ka bari ya huce sosai kafin ka tura.