Darasi na 7: Hayaƙi, Gona da Lafiyar Iyali

Duk abin da aka ƙona, fetur ne ko gawayi ko itace ko karan gona, yana fitar da iskar da ake kira kabon. Ido ba ya ganinta. Tana taruwa a sama tana riƙe zafin rana kamar bargo. Kafin zamanin masana'antu, in aka raba iska kashi miliyan, kashi 280 ne kabon. Yau ya haura 420. Mafi yawansa daga Amurka da Turai da Sin ya fito, amma manomin da ke jiran ruwan sama ne ya fi ji a jikinsa.

Dubi masara. Idan zafi ya wuce maki 35 a ma'aunin Celsius lokacin da take bunni, garin bunnin yakan mutu kafin ya sauka a kan geza. Sai ka ɓare goyo ka tarar da tsaba ɗai-ɗai kamar bakin mai giɓi. Damina ma ta rasa tabbas: a yi shuka, ruwa ya ɗauke mako uku, tsiro ya ƙone. Rumbu kuwa in ya ƙare kafin kaka, ƙananan yara ke fara ramewa, kuma yaron da tamowa ta kama ba ya da ƙarfin jure gudawa ko ƙyanda.

Hana hayaƙin Turai ba a hannunka yake ba, amma gonarka tana hannunka. Daina cinna wa kara wuta bayan girbi. Kwantar da shi a ƙasa: yana tare iska, yana rage zafin ƙasa, gara ta ci shi ta mayar da shi taki.

Sai sassaben zamani, wato renon itatuwan da ke tohowa da kansu a gona, wanda manoman Maraɗi da Damagaram suka farfaɗo da gonakinsu da shi tun shekarun 1980. Kada ka tumɓuke kututturen da ke tohowa. Zaɓi rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Cire ƙananan rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsawon reshen. Yi sara daga ƙasa zuwa sama da adda mai kaifi, domin dakusasshiya tana yage ɓawo, ƙwari su samu ƙofa. Gawo ya fi cancanta a bari: da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen kuma taki ne. Abin da ya fi ɓata aikin shi ne awaki, sai a kewaye tohon da ƙaya.

Hayaƙin da ke rage kwana kai tsaye yana cikin madafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida yana kashe mutum kimanin miliyan 3 a shekara. Baƙin da kike gani a jikin bango, irinsa ne ke shiga huhu, yana jawo wa jarirai ciwon haƙarƙari, manya kuma tari mai daɗewa. Uwargida, ki sauke goyo kafin ki hura wuta. A yi girki a fili ko a ɗaki mai taga biyu da ke kallon juna. A busar da itace sosai, ɗanye ya fi hayaƙi. Kada a kunna wuta da leda ko roba. Murhun laka mai kewaye da tukunya yana cin itace kaɗan fiye da na duwatsu uku, muddin an bar ƙofar iska a ƙasa kuma ana kwashe toka kullum.