Yadda ake sallamar ma'aikaci ba tare da an taka Dokar Ƙwadago ba

Mai gidan burodi, ko gidan mai, ko masana'anta a Najeriya yana da damar rabuwa da ma'aikacinsa, amma ba ta hanyar daka masa tsawa a bakin ƙofa cewa kada ya sake zuwa ba. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin wannan ƙara, kuma abin da ke rubuce shi take dubawa.

Ka fara da ɗauko takardar ɗaukar aiki. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta a ba ma'aikaci ita kafin ya wuce wata uku da kama aiki, da bayanin aikinsa, da albashi, da hutu, da wa'adin notis. In ba ka taɓa ba shi ba, koma littafin biyan albashi ka tabbatar da ranar da ya fara, don daga ita ake lissafi.

Sai notis. Sashe na 11 ya ƙayyade mafi ƙaranci: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai cika shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya ga mai shekara biyar ko fiye. In takardarku ta ce wata uku, ita za a bi. Notis na mako ɗaya ko fiye dole ya kasance a rubuce, kuma ranar da aka miƙa shi ba ta shiga ƙidaya. A nan masu gida da yawa ke tuntuɓe. A yi kwafi biyu, ya sa hannu a naka da kwanan wata. In kana so ya tafi yau, biya shi kuɗin waɗannan kwanakin a madadin notis. Manajoji da ƙwararru irin su akanta ba sa cikin wannan jadawali, tasu takardar ce ke hukunci.

Rubuta dalili na gaskiya. Kotun ta sha yanke hukunci cewa sallama babu dalili rashin adalci ne, ko da an biya kuɗin notis.

Idan laifi ne babba, kamar sata, doka ta yarda a kori mutum babu notis, amma gaggawa a nan tana ɓata komai. A ba shi takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke kira kweri, a faɗi abin da ya ɓata da ranar da ya ɓata, a ba shi lokaci ya amsa a rubuce, a zauna da shi gaban shaida, a adana bayanin zaman. Magidanci ne za a raba da abincinsa, a kuma liƙa masa sunan ɓarawo a unguwa. Zargin baki bai isa ba.

Daga nan sai lissafin haƙƙinsa: albashin da ya rage, wanda dole a biya kafin notis ya ƙare ko ranar da ya ƙare, da kuɗin hutun da bai ci ba, kasancewar doka ta ba shi akalla kwana shida na aiki bayan kowace shekara. Kada ka cire kuɗin injin da ya lalata da kanka. Sashe na 5 ya ce sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago.

Ba a ba mace notis tana hutun haihuwa, ba a kuma korar mutum don ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Rage ma'aikata saboda kasuwa ta ja baya yana da nasa tsarin a Sashe na 20: a sanar da ƙungiya ko wakilinsu, a fara da wanda ya zo a ƙarshe tare da la'akari da ƙwarewa, a tattauna kuɗin sallama.

Kai kuma ma'aikaci, kada ka bar ofis sai da takardar sallama a hannunka, ka kuma duba asusun fanshonka ka ga ko kashi 8 cikin ɗari na albashi da ake yanke maka da kashi 10 na mai gida sun shiga. In ba ka kai shekara 50 ba, ka kuma yi wata huɗu ba ka sami wani aiki ba, dokar fansho ta 2014 ta ba ka damar cire har kashi 25 cikin ɗari na kuɗin da ke asusun, kuma kamfanin fanshon zai nemi ganin wannan takardar kafin ya biya.