Yadda Za Ka Gane Abin Da Cikinka Ya Gada, Ka Kuma Kula Da Ƙwayoyin Hanjinka

Ni da ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya muke, a ɗaki ɗaya muka tashi a Jekadafari, cikin garin Gombe. Duk sanda dangin Baffa suka zo daga ruga ta wajen Dukku da madara sabuwar tatsa, Inna ta tafasa ta zuba mana, shi sai ya shanye kofi biyu ya fice wajen ƙwallo. Ni kuwa kofi ɗaya ya ishe ni wahala. Kafin awa guda ciki ya kama ƙugi kamar hadarin Agusta, ya kumbura ya yi tauri, daga nan sai zaryar banɗaki. An ce basir ne, an jiƙa mini saƙe-saƙi. An ce taifod ne, an sayo ƙwayoyi a kemis. Sai da na girma na gane ba ni da ciwon komai. Shi ya gaji abin da ke narkar da madara daga wajen Baffa, ni ban gada ba.

Kafin mu shiga matakan, a san abu ɗaya. A cikin babban hanjin kowane mutum akwai bakteriya masu rai, waɗanda ƙiyasin da masana suka yi a 2016 ya ce sun kai kimanin tiriliyan 38 a jikin babban mutum, nauyinsu duka bai wuce giram 200 ba. Mun saba da jin "ƙwayoyin cuta", amma mafi yawan waɗannan ba cuta suke kawowa ba. Su ne ke cinye dusa da harzar abinci da cikinmu ba ya iya narkarwa, su mayar da su wasu sinadarai da bangon hanji ke rayuwa a kansu. Suna samar da bitamin K, suna horar da garkuwar jiki, suna kuma cike wuri yadda mugun baƙo ba zai samu masauki ba. Ƙwayoyin gadon da ka samu daga iyayenka suna da hannu wajen irin bakteriyar da za ta zauna maka. Ga yadda za ka bi abin daki-daki.

Mataki na farko: ka raba abin da gado ke yi da abin da tukunya ke yi

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma akwai gaskiya a nan. A 2014 an bincika kashin tagwaye sama da 400 a Ingila, aka ga tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya sun fi kama da juna a wasu nau'o'in bakteriya fiye da tagwayen ƙwai biyu. Wani dangin bakteriya da gado ya fi tasiri a kansa an fi samunsa a jikin marasa ƙiba.

Amma a 2018 wani bincike a kan mutum 1,046 a Isra'ila ya nuna cewa tasirin gado ƙarami ne idan aka gwada shi da na muhalli. Mutanen da ba su haɗa jini ba amma suna gida ɗaya, bakteriyarsu na kama da juna, 'yan uwa na jini da ba su taɓa zama tare ba kuwa ba a ga wannan kamar a tsakaninsu ba. Wato zama da maɗaukin kanwa ya fi asali ƙarfi a wannan fage. Wannan albishir ne, don gado ba a sake shi, amma cefane ana sake shi kullum. Saboda haka kada ka ce "mu haka cikinmu yake a gidanmu" ka zauna. Wataƙila abin da kuka gada girki ne da ruwan rijiya ɗaya, ba jini ba.

Mataki na biyu: ka zauna da manya ka yi tambaya

Ka samu Inna ko Goggo ko Kaka, ka zauna da littafi da biro. Wa madara ke ɓata wa ciki a dangi, ta wajen uwa da ta wajen uba? Wa ya yi fama da kashin jini na dogon lokaci? Akwai wanda likita ya ce yana da ciwon dajin hanji, kuma yana da shekara nawa lokacin? Wannan tambaya ta ƙarshe ba ta da daɗin yi, amma dajin babban hanji yana bin wasu gidaje, kuma wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ko ɗan uwansa shaƙiƙi ya yi shi, ya kamata likita ya sani don a fara duba shi da wuri. Gombe gari ne na auratayya: Fulani, Bolawa, Terawa, Tangale, Waja, Hausawa, Barebari. Sunan ƙabilar da ka ɗauka daga uba ba zai faɗa maka abin da ka ɗauko daga kakarka ta wajen uwa ba.

Mataki na uku: gwajin madara

Nan ne gado ya fi fitowa fili, don haka zan ɗan daɗe. A cikin madara akwai wani sukari da ake kira laktos. Ƙaramin hanji na samar da sinadarin laktes da ke farfasa shi. Kusan kowane jariri yana da shi, amma bayan yaye sai ya riƙa raguwa a jikin kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen duniya. Ƙwayar gadon da ke kula da wannan aiki sunanta LCT, kuma wasu al'ummu makiyaya sun gaji wani ɗan canji kusa da ita wanda ke barin ta a kunne har tsufa. Tun 1971 aka buga binciken da aka yi a Najeriya da ya nuna yawancin Fulani makiyaya suna narkar da laktos, alhali kusan duk manyan Yarabawa da Ibo da aka gwada ba sa iyawa. Daga baya aka gano canjin da ke jikin Fulani da yawa shi ne dai wanda ke jikin mutanen arewacin Turai, makiyayan Kenya da Tanzaniya kuma nasu daban ne. Kwafi ɗaya daga uwa ko uba ya wadatar. Idan uba kwafi ɗaya gare shi, uwa kuma ba ta da shi, kowane ɗa yana iya samu yana iya rasawa. Abin da ya raba ni da ƙanena ke nan.

Wanda ba shi da laktes, sukarin na wucewa babban hanji yadda yake. Bakteriya su yi caa a kansa, su fitar da iska, sukarin kuma ya jawo ruwa cikin hanji. Ƙugi da kumburi da gudawa ke nan. Abin ban sha'awa, a 2021 da aka haɗa bayanan mutum 18,340 daga ƙasashe daban-daban, alaƙa mafi ƙarfi da aka samu tsakanin gado da bakteriyar hanji ita ce ta LCT. Marasa laktes da ke shan madara sun fi yawan bifidobakteriya, wadda ake lissafawa cikin masu amfani, saboda abincinta na isa gare ta.

Ga yadda za ka gwada kanka. Ka yi mako biyu ba madara: ba sabuwar tatsa, ba ta gwangwani, ba ta gari a shayi, ba askirim. Kullum ka rubuta yadda ciki ya kwana. A rana ta 15 ka sha rabin kofi tare da abinci, ka lura da abin da zai faru daga minti 30 zuwa awa biyu ko uku. Idan shiru, bayan kwana biyu ka sha cikakken kofi. A wata ranar daban ka gwada kindirmo ko nono shi kaɗai, kada ka haɗa gwaji biyu rana ɗaya don ba za ka san mai laifi ba. Mutane da yawa za su ga madara na damunsu amma kindirmo bai cika yi ba, saboda bakteriyar da ta tsamar da shi ta riga ta cinye wani ɓangare na sukarin, tana kuma taya hanji aiki. Yawancin marasa laktes suna jure kimanin giram 12 na laktos a zama ɗaya, wato wajen kofi guda, musamman idan da abinci a ciki. Saboda haka ba sai ka yi bankwana da fura da nono ba. Ka fara da kaɗan, ka riƙa ƙarawa, hanji yakan saba.

Abu uku a kiyaye. Wannan gwaji na manya ne da yaran da suka tasa, kada a hana jariri nonon uwa da sunan gwaji. Wanda madara ke sa wa ƙuraje masu ƙaiƙayi, kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, wannan wata matsala ce daban mai haɗari, asibiti zai nufa. Sannan duk madarar da za a yi kindirmo da ita a tafasa ta tukuna, don ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fuka na shanu da zazzaɓin bakkale. Ka tambayi mai nonon da kake saye a wajenta, ba abin kunya ba ne.

Mataki na huɗu: ka san rukunin jininka da jinotayif

Yawancinmu sai lokacin aure ake tura mu gwaji. Rukunin jini, A ko B ko AB ko O, ba a jini kaɗai ya tsaya ba. Mai ƙwayar gadon FUT2 mai aiki yana fitar da sukarin rukunin jininsa a majinar da ta lulluɓe hanji, wasu bakteriya kuma shi suke ci. Ita ce ma ke sa nonon wasu iyaye mata ya ƙunshi wani sukari na musamman da ke ciyar da bifidobakteriyar jariri. Amma kada wani ya sayar maka da "abincin rukunin jini", ba a tabbatar da amfaninsa ba. Inda sanin jinotayif ke da amfani kai-tsaye shi ne sikila. Yaro mai SS likita kan ɗora shi a kan fenisilin kullum har aƙalla shekara 5, don saifarsa ba ta kare shi yadda ya kamata. Uwargida, duk abin da za ki karanta a ƙasa game da illar antibayotik bai shafi wannan ba, kada ki dakatar masa.

Mataki na biyar: ka ciyar da su

A 2010 aka gwada yaran ƙauyen Bulfon na Burkina Faso da yaran birnin Filorens na Italiya. Abincin yaran ƙauyen gero ne da dawa da wake da ganye, wato abin da ke jibge a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe. Aka samu bakteriyarsu ta fi yawan nau'i, cike da masu narkar da harza waɗanda babu su a cikin yaran Italiya, kuma sinadaran da ke ciyar da bangon hanji sun fi yawa a wajensu. Abin da ke ba ni takaici shi ne wannan arzikin muke saki da hannunmu. Da safe shayi da farin burodi, da rana taliyar leda, da dare farar shinkafa da lemon kwalba, tuwon dawa kuma an mayar da shi abincin wanda ba shi da hali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla giram 25 na harzar abinci a rana, da giram 400 na ganye da 'ya'yan itace. Ba sai ka nemi sikeli ba. A rage tsananin surfe, a bar wa gero da dawa ɗan dusarsu. Wake ya shiga tukunya sau uku ko huɗu a mako, ko a shinkafa da wake, ko ɗanwake, ko alala. Miyar kuka da kuɓewa da yakuwa, da daddawa maimakon dunƙule shi kaɗai. Kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli da yamma. Yara a ba su aya, gurjiya, goriba, magarya, gwaiba, maimakon biskit. Bambancin iri ya fi yawan abu ɗaya amfani, don kowace bakteriya da abin da take so. Idan cikinka bai saba ba, ka ƙara a hankali cikin mako biyu zuwa uku tare da shan ruwa sosai. A jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, iskar za ta ragu. Jariri kuwa nonon uwa zalla wata 6, shi ne tubalin farko.

Mataki na shida: ka daina yi musu ruwan wuta

Da ciki ya murɗa, sai a aiki yaro kemis ya sayo Flagyl ko kafso ja-da-yalo, a haɗiye biyu a manta. Antibayotik ba ya tantance mugu da nagari, kuma bayan an gama shan sa wasu nau'o'in kan yi watanni kafin su dawo. Yawancin gudawar yara bairos ke kawo ta, wanda antibayotik ba ya taɓa shi. Abin da yaro ke buƙata shi ne ruwan gishiri da sukari na fakiti, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da shayarwa da ba shi abinci. Tun 2022 rigakafin bairos ɗin rota ya shiga jerin rigakafin yara a Najeriya, ɗigo ne a baki, kyauta a asibitin sha-ka-tafi. Idan likita ne ya rubuta antibayotik, a sha yadda ya ce. Masu tallan maganin "wankin ciki" a Facebook da WhatsApp kuwa, hanji ba kwata ba ce da za a yashe, kuma yawan shan maganin da ke sa gudawa na ƙarar da ruwa da gishirin jiki.

Mataki na bakwai: ka san inda gwajin gida ya ƙare

Jini a kashi, ko kashi baƙi kamar kwalta, rama ba dalili, gudawar da ta wuce mako biyu, ciwon cikin da ke tashin ka daga barci, ko canjin bahaya da ya ƙi tafiya ga wanda ya haura shekara 45: waɗannan ba na littafi da biro ba ne, kuma kada a sa musu suna basir a zauna. A je babban asibiti mafi kusa, idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Ka tafi da littafin nan da ka rubuta tarihin dangi da gwajin madara, da fakitin duk maganin da ka sha, na kemis da na gargajiya, ka ajiye su a gaban likita.