Kurakuran da muke tafkawa wajen yanke shawara, a mitin ko mutum shi kaɗai

Yawancin mitin ɗinmu an gama yanke shawarar tun a minti biyar na farko, sauran awa biyun duk zagaye ne kawai da shan fiya wata. Ko kwamitin masallaci ne, ko ƙungiyar matasan unguwa, ko mitin ɗin iyayen yara da malamai, ko zaman 'yan uwa a kan gidan gado, abin kusan iri ɗaya ne. Ana buɗewa da addu'a, ciyaman ko babban yaya ya gyara murya ya ce "ni dai a ganina kaza za a yi, amma bari mu ji ta bakinku", to wallahi daga nan an gama. Wa zai ce a'a? Yaron da ya fi kowa sanin zancen yana can baya ya sunkuyar da kai yana danna waya, in an tashi kuma shi ne zai tare ka a bakin ƙofa yana cewa ai dama ya san abin nan ba zai yiwu ba.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowanne yi mana ɓarna, babba ya fara faɗin ra'ayinsa. Kuma ba halin Bahaushe ba ne kaɗai, halin ɗan Adam ne, kunya da kara dai sun ƙara mana nauyinsa. A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya yi wani gwaji mai sauƙi, ya zana layuka a kati ya ce mutane su faɗi wanne ne tsawonsa ya yi daidai da wani layin, abin da ko yaro zai gane. Sai dai ya haɗa baki da sauran mutanen ɗakin su riƙa ba da amsar da ba daidai ba da gangan. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi ayari aƙalla sau ɗaya, alhali idonsu yana ganin gaskiya ƙuru-ƙuru. Layi ne fa a takarda, babu surukinsa a wurin, babu mai gidansa, babu wanda zai hana shi aure. To ina ga mitin ɗin da kawunka ne ke jagoranta?

Gyaran kuma daga gwajin nan ya fito. Da aka bar mutum ya rubuta amsarsa a ɓoye sai bin ayarin ya ragu sosai, haka ma da aka samu mutum ɗaya tak a ɗakin ya faɗi gaskiya. Don haka kafin a buɗe baki, a raba 'yan takardu kowa ya rubuta abin da yake gani a layi biyu, ba sai ya sa suna ba, sakatare ya tattara ya karanta. In akwai waɗanda ba sa rubutu, to a fara jin na ƙasa, a bi a hankali har a zo kan manya, shugaba ya zama na ƙarshe. Na san wani zai ce wannan raini ne, yaro ya riga babba magana. Ni ban ga raini ba in dai babban ne da kansa ya ce "Auwalu fara, ina son in ji naka kafin in ce komai", ai girmansa ma ya ƙaru. A littattafan sira an kawo cewa a yaƙin Badar, shekara ta 2 bayan hijira, Hubabu ɗan Munzir ya tambayi Annabi (SAW) ko wurin da aka sauka wahayi ne ko dabarar yaƙi, da aka ce masa dabara ce sai ya ba da shawarar a matsa zuwa rijiyar da ta fi kusa da abokan gaba, kuma aka karɓa. Ramin Khandaƙ ma shawarar Salmanul Farisi ce. Mu ne dai muke karanta Suratus Shura, mu zo mitin mu toshe bakin kowa.

Wani abin da ke tafe da wannan shi ne lambar farko. Ana maganar nawa kowa zai bayar na gyaran transfoma, wani mai kuɗi ya yi caraf ya ce dubu ashirin-ashirin, shikenan duk muhawarar za ta koma tsakanin sha biyar da ashirin da biyar, babu wanda zai tambaya wai shin nawa ne ma kuɗin gyaran gaba ɗaya, gida nawa ne a layin. Kamar ciniki ne a kasuwa, kuɗin da mai kaya ya fara yankawa shi ke jan tayin duk da ka san ya zuga. Wasu masanan halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna haka a 1974, suka juya wata ƙafar caca da aka saita ta tsaya a kan 10 ko 65, sannan suka tambayi mutane kashi nawa ne cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya suke Afirka. Waɗanda suka ga 10 suka ce wajen kashi 25, waɗanda suka ga 65 suka ce wajen 45. Lambar da ba ta da alaƙa da tambayar ko kaɗan! Maganinsa a tura mutum biyu su jiyo farashi a wuri biyu ko uku tun kafin ranar mitin, a zo da lissafi a takarda, sannan a yi maganar rabo.

Sai ɓata lokaci a kan ƙaramin abu. Kwamitin biki zai kwashe awa guda ana ja-in-ja a kan kalar anko, leshi ko atamfa, amma kuɗin hol da abinci da ya cinye rabin kasafin a wuce shi cikin minti uku don kowa ya gaji kuma magariba ta gabato. Dalili shi ne kowa yana da abin cewa a kan kala, lissafi kuwa sai wanda ya zauna ya yi. A rubuta ajanda, a sa abu mafi nauyi a farko lokacin da kai bai ɗau zafi ba, ƙananan kuma a ba mutum biyu su je su yanke, duk abin da suka zaɓa a yi haƙuri da shi.

Yanzu bari mu koma kan mutum shi kaɗai, don a nan ma akwai aiki.

Yanke hukunci cikin fushi, ko cikin ɗoki, ko da tsakar dare bayan an gama karanta saƙon da ya ɓata maka rai. Hadisi ne ingantacce a Bukhari da Muslim cewa kada alƙali ya yi hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, to in alƙali da iliminsa an hana shi, kai da za ka ajiye aiki ko ka raba gari da abokin kasuwancinka fa? Amma a nan sai an yi hattara, don wasu sun mayar da "bari in yi tunani" mafaka, wata shida ana tunanin abin da bai kai ya kawo ba har damar ta wuce, a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Tambayar da nake ganin ta fi raba gardama ita ce, in na yi abin nan ya ƙi, zan iya dawowa baya? Gwada sabon kaya kwali ɗaya a shago, canza wa yaro malamin lesin, wannan yi kawai yau, in bai yi ba ka sauya. Sayar da gona, saki, cin bashin da ya fi ƙarfin jarinka, waɗannan ba a dawowa, ka kwana a kansu, ka yi istihara, ka nemi mutum biyu.

Wajen neman mutum biyun ma muna yin wayo. Ka riga ka yanke a zuciyarka, sai ka je wurin abokin da ka san zai ce "kai wallahi ka yi dabara", ka kauce wa ƙanwar babanka da ka san za ta yi maka tambayoyi masu zafi. Wannan neman tafi ne. Ka je wurin wanda ya taɓa yin abin ya faɗi, shi ya san inda ramin yake, kuma kada ka tambaye shi "ya ka gani", ka ce masa "me zai iya kashe wannan harkar?" Istihara ma haka, ba a yin ta don a samu hujjar abin da aka riga aka ƙulla, kuma ba ta ɗauke maka binciken da ya kamata ka yi da ƙafarka.

Akwai kuma "ai na riga na zuba kuɗi da yawa". Mota tana cin kuɗi kullum a gareji, shago shekara biyu ba riba, amma an kasa bari saboda abin da aka kashe a baya. Gwamnatoci ma suna faɗawa, Ingila da Faransa sun ci gaba da zuba kuɗi a jirgin sama na Concorde bayan ta bayyana ba zai mayar da kuɗinsa ba, guda 20 kacal aka ƙera, ya fara ɗaukar fasinja a 1976 aka ajiye shi a 2003. Kuɗin da ya tafi ya tafi ko ka ci gaba ko ka tsaya. Ka tambayi kanka, da yau ne aka kawo min wannan harkar sabuwa fil, da abin da na sani yanzu, zan sa naira ɗaya? In amsar a'a ce to ka san abin yi, sauran jin kunyar mutane ne.

Dabara ɗaya da nake so ƙwarai, tana aiki ga mutum ɗaya tana aiki ga taro, ta wani masani ce Gary Klein. Bayan an kusa amincewa da tsari sai shugaba ya ce, to mu ɗauka shekara ta zagayo abin nan ya rushe warwas, kowa ya faɗi dalili ɗaya da ya jawo. Ka ga yanzu mai sukar ba ɗan adawa ba ne, aikin da aka ba shi yake yi, sai ka ji ma'aji ya ce "kuɗin wata-wata ne ba za su shigo ba bayan sallah", wata ta ce "wanda aka ba riƙon makullin zai koma makaranta". Abubuwan da kowa ya sani amma ba mai son ya zama shi ya fara faɗa. Kumbon Challenger na Amurka da ya tarwatse ranar 28 ga Janairu 1986, daƙiƙa 73 da tashinsa, mutum bakwai suka mutu, a daren jajibiri injiniyoyi sun yi gargaɗi cewa sanyi zai hana wasu zobban roba toshe mahaɗar roka yadda ya kamata, manyan suka zauna suka ce a tashi. Ilimin yana cikin ɗakin, hanyar da zai hau sama ce aka rufe.

Shiru kuma ba amincewa ba ne, musamman a wurinmu da mace ko ƙaramin yaro zai yi shiru don kara. Maimakon "kowa ya yarda ko?" wanda amsarsa kullum "eh" ce cikin gunaguni, a ce "wa yake da damuwa a kan wannan?" a ɗan jira, ko da shirun ya yi nauyi. In kuɗi ne ko zaɓen mutum, a yi ƙuri'a a takarda, ɗaga hannu a gaban wanda ake zaɓa ba zaɓe ba ne.

Na ƙarshe wanda ke mayar da mitin taron tsintsiya ba shara, a tashi da "za a yi". Za a ga kansila, za a gyara famfon, za a tuntuɓi mai filin. Wa zai yi? Kafin addu'ar rufewa sakatare ya karanta da ƙarfi, abu kaza, wane ne zai yi, zuwa ranar kaza, kuma suna ɗaya za a rubuta ba "matasa" ko "kwamiti" ba. A daren nan ya tura a guruf ɗin WhatsApp da dalilin da ya sa aka zaɓi hakan a layi ɗaya, saboda bayan wata uku za a samu wanda zai rantse ba haka aka ce ba. Mitin na gaba kuma da wannan takardar za a buɗe, a kira sunayen ɗaya bayan ɗaya kafin a taɓa sabuwar magana.