Yadda Ake Shirya Hawan Dutse da Kwana a Waje Tare da Iyali a Zamfara

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Funtuwa ya ga Dutsen Kwatarkwashi a ƙaramar hukumar Bunguɗu, kuma da wuya yaran da ke cikin mota su wuce shi ba su tambayi ko ana hawansa ba. Ana hawa, kuma magidanci zai iya kai iyalinsa su hau wani sashe nasa, amma sai an bi shirin daki-daki. A ganina, ƙarfin mafi ƙanƙanta a cikin ayarin ne ya kamata ya tsara komai, daga nisan da za a taka har zuwa inda za a shimfiɗa tabarma.

Mataki na farko shi ne tabbatar da tsaro, kuma idan wannan bai samu ba, sauran matakan ba su da amfani. Kowa ya san halin da matsalar 'yan bindiga ta jefa jihar nan, don haka kada a dogara da labarin makon jiya ko abin da aka karanta a Facebook. A tuntuɓi ofishin 'yan sanda na yankin, a tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum, sannan a sake tambaya a safiyar tafiyar. Dazuzzuka masu nisa irin su Kuyambana ba wurin kai iyali ba ne a halin yanzu. Haka kuma kada a yayata rana da wurin da za a je, ya isa a sanar da ɗan'uwa guda amintacce hanyar da za a bi da lokacin dawowa, domin waya tana iya yankewa. Mutanen Zamfara ba su manta da yadda aka rufe layukan sadarwa na makonni a Satumbar 2021 ba. Idan aka sami kokwanto ko kaɗan, a mayar da tafiyar ta wuni, ko a ɗage ta.

Bayan haka sai zaɓen lokaci. Daga Nuwamba zuwa Janairu ya fi dacewa, lokacin an gama girbi, dutse ya bushe, rana kuma ba ta da kaifi. Da damina dutsen yana santsi, ga haɗarin tsawa ga wanda yake kan tudu. Da bazara kuwa, a Maris da Afrilu, zafi yakan haura digiri 40, dutsen ya gasu har tafin hannu ba ya iya dafa shi.

Mataki na uku, wanda mutanen birni suka fi sakaci da shi, shi ne neman izini. Dutse yana da masu shi, ko da ba a ga shinge ba. A fara zuwa wurin mai gari ko hakimi, a gaishe shi yadda ya kamata, a ce, "Ranka ya daɗe, na zo da iyalina ne muna son hawan dutse, muna neman izini da wanda zai yi mana jagora." Da ɗan gari akan ci gari: mafarauci ko makiyayin da ya tashi a gindin dutsen ya san inda hanya take da sauƙi, da kogon da ƙudan zuma suka kama, da wuraren da mutanen garin ba sa son baƙo ya taka. A yi cinikin ladansa tun kafin a tashi. Shi ma wurin kwana mai gari ne zai nuna, kuma shawarata ita ce a kafa tanti a cikin gari ko a jikinsa, kamar filin makaranta ko kusa da gidan mai gari, ba a saman dutse ko cikin jeji ba. Yara za su ga taurari, su ji daɗin kwanan waje, alhali akwai jama'a kusa.

Sai kaya. Ruwa ne ya fi komai nauyi, domin lita guda kilo guda ce, kuma babba yana buƙatar lita 3 zuwa 4 a ranar hawa. A bar jarka a masauki, a hau da gorunan da za su isa zuwa da dawowa. Ruwan da ya kwanta a kwarmin dutse ba na sha ba ne sai an tace an tafasa, kuma kada a bar yara su yi wanka a kududdufi saboda tsargiya. Guzuri ya zama wanda ba ya lalacewa: kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino, dakuwa, soyayyar gyaɗa da garin kwaki. Fura da nono a sha su a gari kafin a tashi. Jakar baya mai maɗauri biyu ta fi jakar hannu, domin mai hawa yana buƙatar hannayensa duka, kuma kada kayan yaro su wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinsa. Kowa ya sa kambas mai riƙe ƙafa wanda ya saba da shi, ba silifa ba, ba kuma sabon takalmi ba. Mata su sa wando a ƙarƙashin zane, su zaɓi hijabin da ba zai ja ƙasa ba. A haɗa da tabarma, bargo, gidan sauro, tocila, ashana, buta, man kaɗanya saboda fashewar leɓe, da tamfol guda na kewaye wurin mata. A cikin jakar magani a sa bandeji, farasitamol da sinadarin gishiri da suga. Idan babu na kanti, a dama ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita guda ta ruwa mai tsabta.

Ranar hawa, a tashi bayan sallar asuba da zarar gari ya waye. Jagora a gaba, yara a tsakiya, uba a baya inda zai ga kowa. A sa wa kai lokacin juyawa, misali ƙarfe goma na safe, kuma a juya ko an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, domin tudun da ake gani kusa sau da yawa wani ne ke bayansa. Mai goyo da mai ciki da tsofaffi su tsaya a inuwar gindin dutse tare da namiji babba. A riƙa hutawa ana kurɓar ruwa kafin ƙishirwa ta kama, kuma yaron da ya yi shiru, yana kukan ciwon kai ko jiri, a kai shi inuwa nan take, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwan gishiri da suga.

Maganar maciji tana buƙatar a zaunar da yara a faɗa musu tun daga gida. Kububuwa ƙarama ce, launinta ya saje da tsakuwa, kuma dafinta yana hana jini daskarewa. Kada kowa ya zura hannu a rami ko ya ɗaga dutse da hannu. Idan sara ya auku, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A cire zobe ko awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin a nufi asibiti, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko da ya ce ba ya jin komai. Saboda haka ne ake son motar ta kwana da isasshen mai, tana fuskantar hanya.

Da dare, sanyin hunturu yakan sa mutum ya so shigar da kaskon gawayi cikin tanti. Kada a kuskura. Garwashi a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba. A ji ɗumin wuta a waje, a wurin da aka share busasshiyar ciyawa, nesa da rumbuna da tarin kara, sannan a kashe ta da ruwa har toka ta huce. A tura bakin gidan sauro ƙarƙashin tabarma, da safe kuma kowa ya kakkaɓe takalminsa kafin ya sa ƙafa, saboda kunama.

Saukowa ta fi hawa haɗari, domin gwiwa ta gaji kuma yara suna ɗokin gudu. A sauko a karkace, taku gajere-gajere, inda gangaren ya yi tsanani a zauna a ja gindi. A kwashe ledoji da gorunan roba duka, tun da dabbobin garin suna kiwo a wurin kuma leda tana kashe su. Daga nan a koma wurin mai gari a yi godiya da sallama, a sallami jagora, a kama hanya da sauran rana yadda za a shiga gida kafin la'asar ta yi sanyi.